Yadda ƙungiyar manoma za ta fitar da irin wake mai jure wuta-wuta da cututtukan ganye

Manomin wake a ƙasar Zazzau kullum yana tsakanin iri biyu. Ga na gado, irin su Kanannado da Ɗan'ila, waɗanda kasuwa ta san su, mai ƙosai ta san su, tumaki kuma na cin harawarsu har bazara. Ga kuma ingantacce da ke fitowa daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, mai nuna da wuri, wanda wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotsar saiwar shuka, ba ta iya masa komai. Mutane da dama sun gwada na biyun sun yaba da yabanya, amma da aka kai kasuwar Giwa ko Makarfi sai dillali ya damƙi wake a hannu ya ce ƙwayar ta yi ƙanana, ya karya kuɗin mudu. Damina ta zagayo a koma wa na gado, wuta-wuta ma ta koma cin rabonta.

Ana iya haɗa halin wancan da na wannan a iri guda, kuma aikin bai fi ƙarfin ƙungiyar manoma mai mutum goma ko ashirin ba. Abin da ya sauƙaƙa shi shi ne halittar wake kanta. Furensa yana barbarar kansa tun kafin ya buɗe, saboda haka iri ba ya gauraya da na maƙwabci kamar yadda masara ke yi. In kuka tsayar da iri mai kyau, zai zauna a haka. Kayan aikin kuwa reza ce, da hantsaki, da zare mai launi, da bokitai, da littafi. Sai abu biyu masu wuyar samu: gonar da cuta ta yi wa katutu, da haƙurin shekara biyar ko fiye.

Ku fara da sanin abokin gaba

Kafin a taɓa fure, a zagaya gonakin 'yan ƙungiya a watan Satumba, lokacin da kowace cuta ta fito fili, a tantance abin da ke cin waken.

Wuta-wutar wake daban take da ta dawa da masara, kuma nan ne ake yawan tafka kuskure. Ta dawa doguwa ce, mai ganye kore da manyan furanni masu ɗaukar ido. Ta wake gajeruwa ce, tana fitowa cunkus a gindin shuka, ganyenta ɗan mitsitsi manne da kara, furenta ƙanana fari-fari ko shuɗi-shuɗi. Ta dawa ba ta kama wake, ta wake ba ta kama dawa. Gonar da ta hana dawa sakat ba lallai ta gwada muku wake ba.

Akwai kuma 'yar uwarta mai furen ruwan ɗorawa, wadda masana ke kira Alektira. Ita ta fi son inda ruwan sama ya fi yawa, don haka a jihar Kaduna ana haɗuwa da ita sosai, wani lokaci su biyun a kunya ɗaya. Ɗauki fartanya ka haƙo gindin waken da ya yi rawaya ya tsumbure, ka wanke saiwar a bokiti. Za ka ga ƙulli a jikin saiwa inda ta kama, fararen tsirai na ɓullowa daga ciki tun ba su kai saman ƙasa ba. Kada ka rikita shi da ƙananan ƙurajen saiwa na wake, waɗanda in ka fasa za ka ga cikinsu ja-ja. Waɗannan alheri ne, su ke ƙara wa ƙasa taki.

Sai cututtukan ganye da na kwanso, waɗanda laimar watan Agusta da Satumba ke ciyarwa. Akwai mai fara wa da ɗigo kamar an jiƙa ganye, ya faɗaɗa ya ƙone da zagayen rawaya. Akwai mai yin tabo ja-ja a kara da kwanso har kwanson ya bushe ba ƙwaya. Akwai mai fitar da ƙazwa a jikin kwanso ya murɗe. Akwai kuma wadda darɓa ke yaɗawa, ganye ya yi dabbare-dabbare ya tattare. Da yawansu a cikin iri suke tafiya daga bana zuwa baɗi.

Ku zaɓi abokin gaba ɗaya a matsayin babba. Shawarata a fara da wuta-wuta, don juriyarta tana da sauƙin gado, ga shi kuma ido na ganin sakamako. Cututtukan ganye a riƙa tace su a hanya.

Zaɓen iyaye

Uwa ita ce irinku na gida da kuke ƙauna. Kada a ɗebo ta daga buhun kasuwa, don abin da ake kira Kanannado a kasuwa tarkace ne na iri daban-daban. A shiga gonar wanda aka san ya daɗe yana riƙe da irinsa, a ɗaura ƙyalle a jikin shuka biyar ko goma mafi kyau, a rore su daban.

Uba shi ne mai kawo juriya. Asalin wannan juriya da ake tinƙaho da ita wani wake ne na gargajiya daga ƙasar Botswana mai lamba B301, wanda aka gano wuta-wuta da Alektira duka ba sa kama shi. Ƙwayarsa ƙanana ce, ba wanda zai saye ta a kasuwar Kawo, amma masu bincike na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, reshen Kano da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, irin su Dakta B. B. Singh da Farfesa A. M. Emechebe, sun nuna cewa juriyarsa ga wuta-wuta ƙwayar gado ɗaya ce mai rinjaye, wato ko daga ɓangare ɗaya ɗa ya gaje ta za ta bayyana. Daga nan aka yi ta aurar da shi har aka samu IT97K-499-35, wanda aka saki a Najeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10. A 2011 aka ƙara da SAMPEA 14 da SAMPEA 15, farare, su ma masu jure wuta-wuta. Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa uba. Ba sai kun koma Botswana ba, an riga an yi muku rabin tafiya.

A nemi irin daga Samaru kai tsaye, ko ta hannun malamin gona, ko daga kamfanin iri mai rajista da Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa. Wanda aka auno da mudu aka ce "ai ɗan Samaru ne" ba abin gina aikin shekara biyar a kansa ba ne.

Wani zai kawo zancen SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci fitar da shi aka sake shi a ƙarshen 2019. Wannan maganin tsutsar da ke huda fure da kwanso ne, yana rage yawan feshi ƙwarai. Amma ƙwayar gadon da ke cikinsa daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka ɗauko ta, kuma akwai hukumar da ke sa ido kan irin wannan. A shuka shi a ci amfaninsa, amma kada a sa shi cikin aikin aure sai da sanin masu shi.

Daminar farko: a gwada uban a gonar da ta fi lalacewa

Wuta-wutar wake kala-kala ce. Wadda ke Burkina Faso ba ita ce ta Jamhuriyar Benin ba, kuma irin da ya gagari wata yana iya faɗuwa hannun wata. Saboda haka ko takarda ta ce iri yana da juriya, sai an gwada akan san na ƙwarai.

A nemi gonar da kowa ya sallama. A nan za a samu dattijo a ƙungiya ya ce, "Haba Malam, mu zuba tsadadden iri a gonar da ko Ɗan'ila ba ya rayuwa?" Amsar ita ce, "Baba, a gona mai lafiya kowane wake jarumi ne, nan ne kaɗai za mu ga wanda ya isa." Kan wannan batu aikin gaba ɗaya ya ratayu. Duk zaɓen da aka yi inda babu cuta, zaɓen kyan gani ne kawai.

A arewacin jiha, wajen Zariya, Soba, Kudan da Ikara, a shuka daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Wajen Kachia da Kafanchan, inda ruwa ke daɗewa, a jinkirta zuwa ƙarshen Agusta. Kunya da kunya santimita 75, rami da rami santimita 20 zuwa 25. A jera su haka: kunya biyu na uba, kunya ɗaya ta irin gida, a maimaita a wurare uku ko huɗu a cikin gonar, domin wuta-wuta ba ta bazuwa daidai, wani ɓangare ya fi wani. Irin gidan nan shi ne shaida. In shi ma ya fito fes, to gonar ba ta gwada komai ba.

A yi feshin maganin ƙwari yadda aka saba, lokacin huda da lokacin kwanso, don kada tsutsa ta rufe muku abin da kuke son gani. Amma ban da maganin cutar ganye. Wajen noma kuma, daga mako na biyar a koma cire ciyawa da hannu, kada fartanya ta sare wuta-wutar da ake jira a ƙirga. A mako na tara ko na goma a ƙirga tsiranta a kowace kunya, a haƙo shuka biyar-biyar a wanke saiwa a duba, a rubuta. Da an gama ƙirga a tuge ta a ƙone kafin ta zubar da 'ya'ya, sai ɗan abin da za a ajiye don gwajin bokiti.

Yadda ake aurar da furen

Matsala ta farko ita ce sa uwa da uba su yi fure lokaci ɗaya. Kanannado ba ya duba kwanakin da ya yi a ƙasa, tsawon yini yake bi: ko yaushe aka shuka shi, sai yini ya fara gajarta wajen watan Oktoba yake huda. SAMPEA kuwa bayan kwana arba'in da 'yan kai da shuka zai yi fure. Dabarar ita ce a shuka uban a bokitai kashi-kashi, duk mako bokiti uku, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba. Ita ma uwar a sa 'yan shuke-shuke a bokiti ko a bayan gida inda za a iya ba su ruwa in sama ta ɗauke, a kuma kare su daga awaki.

Aikin na yamma ne da safiya. Bayan la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, ka duba jikin uwar ka nemo furen da bai buɗe ba amma ya cika ya kumbura, korensa ya fara koɗewa, wanda ka san gobe da asuba zai buɗe. Wanda ya yi ƙanƙanta zai zube, wanda ya fara buɗewa kuwa ya riga ya barbari kansa. Furen farko a kan sanda ya fi kamawa.

Riƙe shi a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, ka tallafe gindinsa don kada ya motsa. Da bakin reza ka tsaga shi a gicciye wajen tsakiya, ta ɓangaren da ya lotsa, kamar kashi biyu cikin uku na faɗinsa, ba tare da ka zurfafa ba. Ɗaga hular saman da hantsaki ka cire. A ciki za ka ga siraran zaruruwa goma, kowanne da ɗan kai mai ɗauke da ƙurar fure. Su ne maza. A tsakiyarsu akwai guda ɗaya mai ɗan kauri, ya lanƙwashe, bakinsa da gashi-gashi. Ita ce macen, kuma ko ƙwarzane bai kamata ta samu ba. Tsinke kawunan mazan ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirgawa har goma. In ka ga garin rawaya ya riga ya zuba a kan gashin macen, yar da furen ka nemi wani. Sauran furannin da ke kan sandar duk a cire su, don shukar ta zuba ƙarfinta a wannan ɗaya. Kafin ka koma kan wani fure, goge hantsaki da sifirit.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya waye raɓa ba ta bushe ba, tsinko furen uba da ya buɗe a safiyar. Ja kuben da ke tsakiyarsa baya, bakin macensa zai leƙo ɗauke da ƙura rawaya jingim. Da shi za ka shafa a bakin macen da ka shirya jiya, sau biyu ko uku, har ka ga rawayar ta manne. Fure ɗaya na uba ya isa uku ko huɗu. Ɗaura zare ja a sandar, ka rataya ɗan kwali da sunan uwa da uba da kwanan wata, da fensir, don biro na wankewa a ruwa.

Bayan kwana uku za ka sani. Wanda bai kama ba zai zube ya bar tabo, wanda ya kama zai fito da siririn kwanso. Mafi yawa zubewa suke, har a hannun ƙwararru, musamman in akwai zafi ko busasshiyar iska. Don haka a yi da yawa, hamsin ko fiye, a bar wa masu kaifin ido da sanyin hannu. Matan da suka saba da ɗinkin hula da samarin da ke gyaran waya sukan fi manyan manoma iya wannan aiki. Tururuwa na son zaƙin da ke fita a sandar fure, a kore ta. Cikin mako uku kwanson zai nuna. Kwanso biyar ko shida masu kyau sun wadatar.

'Ya'ya da jikoki

Ƙwayar da ta fito daga kwanson aure kamar uwarta za ta fito sak, domin fatar wake daga jikin uwa take. Wannan bai nuna auren bai ɗauru ba, bai kuma nuna ya ɗauru ba. Bokiti ne zai raba gardama.

'Ya'yan wuta-wuta ƙanana ne kamar gari, kuma ba sa tsirowa da ɗanyensu sai sun kwana wasu watanni. A busar da waɗanda aka ajiye, a murje, a tankaɗe da rariya mai laushi. Da sanyin hunturu ya karye, wajen watan Fabrairu, a gauraya kamar cokalin shayi guda da yashi, a cakuɗa da ƙasar saman kowane bokiti, a yi ta ba shi ruwa kamar mako guda kafin shuka. A shuka 'ya'yan auren, a kuma shuka uwar zalla a bokiti biyu ko uku don shaida. Tun da juriyar mai rinjaye ce, ɗan halak na wannan aure zai fito babu wuta-wuta, uwar kuwa za ta kamu. Wanda ya kamu a cikin 'ya'yan, furen ne ya barbari kansa, a cire shi. Ƙasar bokitan nan kada a zubar da ita a gona ko a kan juji. 'Ya'yan wuta-wuta na iya shekaru da yawa a ƙasa suna jira, don haka a haƙa rami mai zurfi a binne ta.

Daga nan hanya ta rabu biyu. In burinku sabon iri ne tsaka-tsaki, mai saurin uba da girman ƙwayar uwa, sai a bar 'ya'yan su yi kwanso da kansu, a tara ƙwayar, da damina a shuka jikoki ɗari biyu ko ɗari uku a gonar gwaji, ƙwaya ɗaya a rami, da tazara mai yalwa don a ga kowace shuka ita kaɗai. A wannan zuriyar ce gado ke tarwatsewa: wani ya miƙe wani ya yi yaɗo, wani ya yi fure da wuri wani ya makara, ƙwaya manya da ƙanana, fata mai santsi da mai kaushi. A lissafi, uku cikin huɗu za su jure wuta-wuta, ɗaya ya kamu.

Amma in abin da kuke so shi ne Kanannadonku dai, da harawarsa da ƙwayarsa, a ƙara masa juriya kawai, to sai a mayar da ɗan ga irin uwarsa. A ɗauki ƙurar furen ɗan a shafa wa uwar, kamar yadda aka yi da farko. Abin da ya fito, kashi 75 cikin ɗari na jininsa na uwa ne, kuma rabinsu za su ɗauko juriya. A gwada ashirin ko talatin a bokiti, a riƙe masu tsabtar saiwa, a sake mayar da su ga uwar: jinin ya kai kashi 87 da rabi. Karo na uku ya doshi 94. Ni a ganina sau biyu ya isa ga ƙungiyar ƙauye, don ɗan abin da ya rage na uba sau da yawa alheri ne, yakan rage yawan yaɗo ya ƙara kwanso. Bayan nan a bar su su barbari kansu, a shiga zaɓe.

Zaɓe a gona, shuka ɗaya-ɗaya

Al'adarmu ita ce a sussuke wake gaba ɗaya sannan a zauna da faifai a tsince manyan ƙwayoyi a ce iri ne. A wannan aiki hakan rushe komai yake, don ƙwaya ba ta faɗa maka halin shukar da ta haife ta. Zaɓe a tsaye ake yin sa, a cikin gona, sau uku: lokacin fure, lokacin da kwanso ya cika, da ranar roro.

Don cutar ganye ta samu kowa daidai, a ajiye harawar bara da ta kamu sosai, a daddatsa a watsa tsakanin kunyoyi bayan mako uku da shuka, a kuma sa kunyar iri mai saurin kamuwa bayan kowace kunya huɗu. A ba kowace shuka maki daga 1 zuwa 5, ɗaya mai tsabta, biyar wadda ta ƙone. Juriyar cututtukan ganye ba kullum take fitowa ƙarara ba, sau da yawa wani ya fi wani ne kawai, don haka mutum biyu su ba da makin, kowa da takardarsa. Duk shukar da ganyenta ya yi dabbare-dabbare ya tattare a tuge ta nan take, kome kyanta.

A ɗaura ƙyalle a kan talatin ko arba'in mafi kyau. Kowacce a rore ta a ambulan ɗinta, a ba ta lamba. Baɗi kowace ambulan ta zama kunya guda.

Wannan kunya-kunya ita ke tona asiri biyu. Na farko, akwai shukar da ta fito fes ba don juriya ba, sai don ta faɗo inda babu 'ya'yan wuta-wuta. 'Ya'yanta za su kamu kaf. Na biyu, cikin jikoki uku masu juriya, ɗaya ne kawai ya gaje ta ta ɓangare biyu. Sauran biyun suna ɗauke da rauni a ɓoye, kuma a kunyarsu za a ga kusan ɗaya cikin huɗu ya kamu. Kunyar da ake nema ita ce wadda daga farkonta har ƙarshe ba tsiron wuta-wuta ko ɗaya, alhali kunyar shaida da ke gefenta ta cika. A cikin irin waɗannan kunyoyi a sake zaɓen shuka ɗaya-ɗaya, a maimaita. Zuwa zuriya ta biyar ko ta shida za a ga kunya ta daidaita, tsayi ɗaya, fure rana ɗaya, ƙwaya kala ɗaya. Wanda ke da fadama ko ke kusa da kogin Galma zai iya tafiyar da zuriya guda da rani ya rage shekaru, amma zaɓen gaske na damina ne, lokacin da cuta ke nan.

Wuyar wannan mataki zubarwa ce. Za a ga kunya mai kwanso kamar a yi me, amma da tsiron wuta-wuta biyu a gindinta, wani ya ce a yi mata uzuri. A rore ta a dafa, kada ta koma ambulan.

Gonaki da tukunya

In an tace aka rage layi biyar ko shida, sai a fitar da su daga gonar gwaji. A raba wa manoma huɗu ko biyar masu ƙasa daban-daban, jigawa da laka da jangargari, kowa ya shuka duka layukan tare da uwa da uba, fili daidai wa daida. Wanda ya saba shuka wake a cikin dawa ko bayan masara ya gwada a haka, don irin da ya yi fice shi kaɗai yana iya shaƙewa a inuwa. A auna ƙwaya da sikeli, a ƙirga damman harawa. Damina biyu ake so, saboda shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri da shekarar da ya zarce ba iri ɗaya suke fifitawa ba.

Sannan a kai wa masu hukunci na ƙarshe. A auna gwangwani biyu na kowane layi a ƙulla a leda da lamba, ba suna, a kai wa mai ƙosai a ce, "Inna, ki surfa mana waɗannan daban-daban, ki faɗa mana wanda ya fi." Ita za ta gaya muku wanda fatarsa ke fita da wuri, wanda ƙullunsa ke tashi, da wanda ke shan mai. Shi ya sa kasuwannin Arewa ke son fari babba mai kaushin fata. A dafa kuma a tukwane iri ɗaya a wuta ɗaya a ga wanda ke riga nuna. Dillali ma a zuba masa a faifai ya sa kuɗi bai san wanne ne wanne ba. Layin da ya ci gona ya faɗi a nan, a ajiye shi a matsayin uban wani auren.

Yawaita irin da adana shi

Wanda ya tsallake duka, a ware masa gona mai lafiya wadda ba a yi wake a cikinta bara ba, da tazarar taki goma ko fiye daga kowane wake, don ƙudan zuma kan ɗan gauraya kaɗan. Hekta guda na cin kilo 20 zuwa 25 na iri. Wake ba ya son takin yuriya da yawa, ganye zai yi ta yi. Buhu biyu na NPK da buhu biyu na takin sufa a hekta lokacin shuka sun isa. A zagaya ana tuge duk shukar da ta saɓa wa sauran ko ta nuna cuta. A yi roro a busasshiyar rana, a shanya a kan tamfol, a sussuka a hankali don ƙwayar da ta tsage ba ta tsirowa. Tamfol da buhu da sandar sussuka duk a kakkaɓe su, a nan ne iri ya fi gauraya, ba a gona ba.

In ƙwaya ta bushe har tana ƙaras a haƙori, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ko a cika jarka har wuya a toshe. Rashin iska ke kashe ƙwaron wake, ba sai an sa guba ba. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya ɗari a binne a jiƙaƙƙen yashi, in tamanin ko fiye suka tsiro cikin mako guda irin na nan da ransa. A riƙa ware mudu guda a wajen mutum biyu daban-daban duk shekara, saboda gobara da fari da kuma ranar da wani zai matsu ya auna na ƙungiya ya kai kasuwa.

Raba irin tsakanin 'yan ƙungiya da maƙwabta abu ne da aka gada. Amma zuba shi a leda da suna a sayar a matsayin ingantaccen iri yana ƙarƙashin dokar iri ta 2019, sai an yi rajista an kuma duba gona. Sakin sabon iri a hukumance kuwa kwamitin ƙasa da ke zama a cibiyar NACGRAB ta Ibadan ne ke yi, bayan an gwada shi a jihohi da dama. In layinku ya kai wannan matsayi, ku ɗauki kilo biyu da littafin da kuka rubuta komai tun daga ranar auren farko, ku kai sashen wake na Samaru ku nemi a sa shi cikin gwajinsu na damina mai zuwa.